Mayafin Inna Kumfa a Cikin Bango

Ba iyayenta ne suka sa mata Kumfa ba. Ma'aikatan masaukin baƙin da ta yi wa wanki ne suka laƙaba mata, don duk sanda ka gan ta hannunta na cikin kumfar sabulu har gwiwar hannu. Tun tana zagin mai kiranta da shi har ta fara amsawa. Da furfura ta fito aka ƙara mata Inna a gaba, suna ya zauna daram.

Mijinta ya rasu ya bar mata yara ƙanana da bahon wanki, kuma da bahon nan ta rene su. Zannuwan gado, tawul, rigunan masu gadi, duk ta hannunta suke bi. Mace ce gajera mai faɗin kafaɗa, bakinta ba ya ajiye magana ta kwana. A wurinta kayan duniya kashi biyu ne kawai: wanda aka wanke da wanda ba a wanke ba tukuna. Na zubarwa kuwa ba ta san shi ba. Tsumman da wata za ta jefa a shara, ita sai ta cuɗe shi ta shanya, ya ƙara shekara yana aiki.

A masaukin nan ta san esi, na'urar sanyaya ɗaki, irin na da, wanda ake cusawa a bango yana ƙugi kamar tsohuwar mota. Wata rana ta ga mai gyara ya ɗaga fuskar ɗaya ya zaro wata raga baƙa ƙirin, ya kaɗe ta a ƙasan da ta gama gogewa. Ta wanke shi tas da baki, ta ƙwace ragar ta wanke da sabulu. Daga ranar ragar kowane ɗaki ta zama tata. Ta san a kashe na'ura kafin a taɓa ta, ta san buroshi mai laushi ake sa wa raga, ta san a inuwa ake shanya ta don rana na lanƙwasa ta. Ta kuma san wanda ya mayar da ita da danshi zai kwana cikin warin tsohuwar safa. Ba wanda ya ƙara mata ko sisi a kan wannan, ita ma ba ta nema ba. So take ta ɗaga raga ta ga haske ta cikinta.

Yara suka girma kowa ya kama gabansa. Autanta ya yi karatu, ya samu aiki, ya yi aure, ya kama gida a wani dogon bene. Sai ga shi da mota ya zo ɗaukarta.

"Inna, wahala ta ƙare," in ji shi. "Yanzu hutu za ki yi."

Da ta san abin da yake nufi da hutu, da ta sa shi ya juya da motarsa.

Matar Auta yarinya ce mai kirki, kuma kirkin nata ne ya zame wa Inna ciwo. In Inna ta ɗauki tsintsiya, sai ta ji an zare ta daga hannunta. "Haba Inna, ina raye?" Ta nufi wurin wanke-wanke, an riga ta. Ta tattara kayanta za ta cuɗa, aka nuna mata injin wanki a lungun kicin. Ta ja kujera ta zauna gabansa tana kallon kaya na juyawa ta gilashi.

"Ko wuyan riga bai taɓa ba," ta ce. "Sai hayaniya da shan ruwa."

Da safe su biyun su fice aiki, su bar ta da talabijin da filas ɗin shayi. Tafin hannunta da ya yi kanta tun tana budurwa ya fara laushi, ta riƙa juya shi tana kallo kamar na aro. Ta san tsofaffin da 'ya'yansu suka zaunar don ƙauna, ta kuma ga yadda suka ƙare: daga kujera sai gado. Abin da take so bai taka kara ya karya ba. Aiki guda take nema a gidan nan, komai ƙanƙantarsa, wanda za a ce nata ne, in ba ta yi ba ba a yi ba.

To, Auta kullum da atishawa yake tashi. Ya jera ta har ƙofa ta amsa, ya share hanci, ya haɗiyi ƙwaya ya fita. Inna ta ɗaga kai ta dubi silin. Gidan ba shi da esi a bango ko ɗaya. Wasu kafofi ne a sama, lokacin zafi su huro sanyi, lokacin sanyi su huro ɗumi, kuma bakin kowace kafa ya yi gemun ƙura.

"Auta, ina ragar abin nan take?"

"Wace raga, Inna? Wannan na zamani ne. Injin yana can cikin silin, mu namu danna maɓalli."

"Ke 'yar nan, kin taɓa ganinta?"

"Wallahi Inna haka muka tarar da shi."

A ranta Inna ta ce duk abin da ke fitar da numfashi dole yana shaƙa ta wani wuri, kuma inda yake shaƙa nan ragarsa take.

Suna fita washegari ta zare zare guda daga gefen zaninta, ta riƙe shi da yatsu biyu, ta shiga bin gida bango bango. A falo zaren na tsaye. A kicin haka. Ta leƙa bayan firij, ta durƙusa ta duba ƙarƙashin gado. Sai a lungun da ke tsakanin falo da ɗakuna, daidai durowar takalma, zaren ya karkata ya nufi bango kamar an kira shi. Ta sa kafaɗa ta ture durowar. Ga murfin ƙarfe mai tsaga-tsaga, yana zuƙar iska a ɓoye, ƙura ta toshe rabin bakinsa.

"Na kama ka, munafuki."

Ta je ta danna maɓallin da ta ga suna dannawa, injin ya yi shiru. Ta zame 'yan maƙallai biyu, murfin ya buɗe, ta zaro abin da ke ciki. Faɗinsa ya kai babban faranti, gefensa na kwali, tsakiyarsa ninki-ninki da siririyar waya ta tare shi. Ƙura ta yi masa bargo, har kana iya ɓare ta da hannu. Da wata matar ce ta gani, da ta toshe hanci. Inna Kumfa murmushi ta yi har kunne, rabon da ta yi irinsa tun ranar da ta shigo gidan.

Ta tara ruwa a baho, ta kaɗa sabulu ya yi kumfa, ta tsoma shi ta danna, ta bar shi ya jiƙa sosai don dattin ya saki. Da ta dawo ta sa buroshi, sai ta ga raga na bin buroshi. Ta kama gefe za ta ɗaga, gefen ya zo hannunta kamar burodin da ya sha shayi. Kafin ta ankara ba abin da ya rage sai waya da wani farin dagwalo yana yawo a ruwa. Ashe takarda ce.

Ta zauna a bakin bahon, hannu cikin kumfa. Ba asarar ce ta dame ta ba. Ta riga ta ji abin da za a ce: tsufa ya fara taɓa Inna. Za a faɗe shi a hankali, cikin tausayi, daga nan ko cokali ba za a bari ta ɗauraye ba.

Sai ta miƙe. Mace ce da ba ta taɓa mayar da kayan baƙo a lalace ba, ba kuwa za ta fara a gidan ɗanta ba. Ta buɗe akwatinta ta ɗauko farin mayafinta na fita, shara-shara, wanda ke kwance cikin turare. Raga ai raga ce. Ta yi tunani, in falle ɗaya zai tare ƙura, ninki da yawa zai fi tarewa, ta ninka shi ta sake ninkawa. Ta ga yana langaɓewa, alhali na da a tsaye yake ƙyam. Wannan kuwa ai sana'arta ce. Ta dama sitaci mai kauri, irin wanda take sa wa rigar manyan baƙi, ta tsoma mayafin, ta shanya, ta bi shi da dutsen guga har ya tsaya da kansa kamar kwali. Ta ɗinke shi jikin wayar, ta zura a bango, ta rufe, ta mayar da durowa. Ta danna maɓalli.

Da yamma Auta ya shigo ya tsaya yana buɗa hanci.

"Yau gidan nan ƙamshin Inna yake ko'ina."

"Hancinka ne ya buɗe," ta ce, tana kallon talabijin.

Kwana biyu tana tafiya a gidan kamar ita ta gina shi. Sai iska ta fara raguwa. Ka sa hannu a ƙarƙashin kafa, ka ji kamar numfashin mai barci. Injin ya shiga nishi a cikin silin ba hutawa, ɗakuna kuma suna ɗaukar zafi. Matar Auta ta ƙara danna maɓalli, ba abin da ya sake. Inna na ji, tana gani. Sau biyu tana buɗe baki ta faɗa, sai ta rufe.

Ranar da ba su da aiki, Auta ya sunkuya a lungu yana neman takalmi, ruwa mai sanyi ya ɗiga masa a tsakiyar sanƙon da yake musun yana da shi. Ya ɗaga kai, wani ya faɗo masa a ido. Silin ya yi taswirar danshi. Aka kira mai gyara.

Mai gyaran wani dattijo ne mai tumbi, da tsani a kafaɗa da bakin barkwanci. Ya hau, ya ture murfin silin, ya cusa kai da tocila. Muryarsa ta fito daga sama.

"Yallaɓai, kuna sayar da ƙanƙara ne a gidan nan? Ga ta nan ta kama bututu gaba ɗaya. Abin nan shaƙe shi aka yi." Ya sauko yana haki. "Ina filtarku take, ragar nan mai tace iska?"

Auta ya dubi matarsa. Ta dube shi. Inna ta dubi taga.

Mai gyara ya fara dube-dube. Ya leƙa bayan kujerar falo, ya tsaya ya sha ruwa, ya ba da labarin wani gida da ya je jiya, ya nufi kicin yana jan ƙafa. Inna na iya jure yunwa da ciwon baya, amma ba ta iya kallon mutum yana aiki da sanyin jiki.

"Bayan takalma!" ta ce. "Kai kuma sai ka wuni kana zagaye?"

Mutumin ya ture durowa, ya buɗe murfi, ya zaro abin ya ɗaga sama. Ya ƙwanƙwasa shi da yatsa, ya yi ƙara.

"Na tsufa a aikin nan," in ji shi. "Na ciro leda, na ciro gidan ɓera, na ciro takalmin yaro. Ban taɓa ciro mayafi da karin guga ba."

Matar Auta ta matso ta dubi adon bakinsa. "Inna, wannan ba naki ne na fita ba?"

"Nawa ne. Ni na sa. Na tarar da ta ciki ta yi gashi kamar tunkiya, na wanke ta, ta narke mini a baho. Wa ya taɓa yin raga da takarda in ba mugu ba?"

Mai gyara ya yi dariya har ya dafa tsani. "Baba, wannan sitacin ko harsashi ba zai huda shi ba, bare iska. Kin toshe masa hanci da baki. In bai samu iska ba sai ya yi ƙanƙara, ƙanƙara ta narke ta sauko kan Yallaɓai. Iri biyu ne. Akwai ta roba, wadda kika sani, ita ake wankewa. Ta takarda kuwa in ta cika sai a yar a sa sabuwa."

"A yar?" Inna ta dafe ƙirji. "Abu sukutum?"

"A yar, Baba." Ya juya wurin Auta. "Yallaɓai, yaushe rabon ku canja ta?"

"Ana canjawa ne?"

"To ka ji. Ku ba ku duba ba sam, Baba kuma ta duba har ta zarce. Allah ya so injin bai ƙone ba. A bar shi a kashe ƙanƙarar ta narke, zan je in kawo sabuwa."

Kunya ce ta kama Auta a gaban baƙo, kuma namiji in ya ji kunya sai ya nemi wanda zai kafa wa doka. Ya sassauta murya, ya faɗi daidai abin da take tsoro.

"Inna, don Allah daga yau kada ki ƙara taɓa komai a gidan nan. Abin da kike so ki faɗa a yi miki. Shekaru sun ja, ki huta."

Ta dube shi daga sanƙo har takalmi. Kowa ya zaci wuta za ta tashi. Sai kawai ta karɓi mayafinta daga hannun mai gyara, ta rungume shi kamar faranti don ba ya naɗuwa, ta shige kicin.

Surukarta ta bi ta. Ta tarar da ita tsaye gaban famfo tana jiƙa mayafin, sitaci na fita fari.

"Inna, kawo in..." Ta miƙa hannu, sai ta tsaya. Ta ga yadda tsohuwar ta ƙanƙame shi. Ta janye hannunta.

"Ke 'yar nan, me na yi miki?" in ji Inna, ba ta juyo ba. "Tun da na zo kike ƙwace mini abu a hannu. Ko aikina ne bai yi miki ba?"

"Aikinki? Inna, ni fa tsoronki nake ji. Ɗanki kullum sai ya ce ba mai wanki kamar ki, ina gudun ki duba nawa ki raina. Ga kuma mutane. Su shigo su ga uwar miji da tsintsiya, me za su ce da ni?"

"Mutane! Su zo su zauna a kujerar can wuni guda su ji in da daɗi. Na san sunan kowa a talabijin ɗin nan, har mai karanta hasashen ruwan sama na san rigunansa. Ni ba tulun fure ba ce da za a ajiye a falo ana kaɗe mini ƙura. In kuna so in daɗe, ku bar ni in gaji."

Yarinyar ta yi dariya, idonta ya kawo ruwa. Ta fita lungu da sauri, ta tarar mai gyara na naɗe tsani.

"Malam, ka ce akwai ta wankewa. Ana samun daidai bangon nan?"

"Ana samu, uwargida. Sai dai tana son mai kula. In ba za a riƙa wanke ta ba, gara ta takarda."

"Muna da mai kula. Ita za ka kawo."

"Ke kuwa," in ji Auta, "yanzu fa na gama cewa..."

"Mun ji ka. Je ka goge kanka, har yanzu da ruwa."

Da mai gyara ya dawo, bai ko kalli Auta ba, Inna ya kira. Ya nuna mata wata 'yar kibiya a gefen sabuwar ragar, ya ce kullum bakin kibiyar ya dubi cikin bango, inda iska ke tafiya. Ya ce ta riƙa zaro ta tana ɗagawa a haske, in ba ta ga hasken ba lokaci ya yi. Ruwa da ɗan sabulu kawai.

"Ban da sitaci, Baba."

"Ka ƙara faɗa ka ga in ban sa wa rigar nan taka ba, ko ta rufe tumbin."

Ita ta zura ta da hannunta, ita ta rufe maƙallan. Ta kuma hana a mayar da durowar takalma wurin, ta ce ba a tsaya wa mai numfashi a hanci.

Ranar wankin farko ta faɗo cikin tsananin zafi. Tun da hantsi ta kashe injin, ta wanke raga, ta jingine ta a inuwar baranda, ta ja kujera ta zauna gadinta. Auta na kwance a falo daga shi sai singileti, yana fifita da murfin kwali.

"Inna, ai ta bushe haka nan. Mutum zai narke."

Ta taɓa kusurwar ƙasa da bayan hannu. "Da saura."

"Tun ɗazu kike cewa da saura."

"Tun ɗazu da saura."

Ya juya wurin matarsa neman agaji. Ta ce ita ba ruwanta, wannan ba sashenta ba ne. Sai kuma ta fito baranda ta tsuguna kusa da kujerar tsohuwar, ta rage murya.

"Inna, labulen falon nan fa. Na sa su a inji sun fito duk a yamutse, na rasa yadda zan yi da su."

Inna Kumfa ta riga ta miƙe tana ɗaure zani.

"Tun ranar da na shigo gidan nan nake kallonsu ina haɗiye magana. Auta! Tashi ka kawo kujera, tunda dai kana da tsawo."